Rogon da Aka Ce In Binne

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Yanzu ko sunayen jikokina sai na jero uku kafin in dace da wanda nake nema, su kuwa su yi ta yi mini dariya. Amma akwai wani yini guda a ƙauyen Fakku, can ƙasar Kebbe, zamanin Turawa, wanda ko daga barci aka tashe ni zan faɗe shi tun daga hantsi har faɗuwar rana ban tsallake komai ba. Na yi shekaru ina roƙon Allah Ya mantar da ni, bai nufa ba. Yanzu na daina roƙon, na ga gara in rubuta shi tun ina da sauran ido.

A lokacin ni malamin gona ne a Tambuwal, ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya, matashi sabon aure. Na yi elemantare, an kai ni Sakkwato na koyi awon fili da riƙe sikeli da rubuta lamba a littafi, na dawo gida da gajeren wando da fensir a bayan kunne. Kai, in ka gan ni a lokacin sai ka rantse ni na ƙirƙiro noma. Ban ɗauki kowa mai wayo ba sai kaina, kuma wannan ciwon ne ya kai ni inda ya kai ni.

Aka turo mana wani Baturen gona, dogo, siriri, mai jan wuya. Sauran Turawan da na sani gyaɗa da auduga suka dame su. Shi kuwa abin da ya kawo shi bincike ne a kan yadda halitta take yi wa kanta ajiyar abinci a cikin jikinta. Ranar kasuwar Tambuwal sai ya ja ni kara, wurin masu shanu, ya ciro igiyar awo yana auna tozon kowane sa, ni ina biye ina rubutawa. Fulani su tsaya su riƙe baki, mahauta kuwa har da tafa hannu, wai Bature zai ɗinka wa shanu hula. Shi ko a jikinsa. Ya auna da kaka, ya dawo ya auna da bazara, ya nuna mini yadda tozon ya sace ya kwanta gefe guda. Ya ce tozo rumbun sa ne, da damina yana zubawa, da rani yana ɗiba. Ya ce haka tozon raƙumi yake, haka albasa, haka dankali da gwaza da rogo, kowanne ya san akwai ranar babu, ya yi mata tanadi. Hausarsa ta littafi ce, irin ta Kano, yana jan ta a hankali, mu kuwa muna kwaikwayonsa in ya ba da baya.

Rogo ya fi komai ɗauke masa hankali, kuma yana da dalili. Shekarun nan fara ta addabe mu, in ta sauka ba ta barin ko ganye ɗaya. To amma fara ba ta haƙa ƙasa. Baturen ya ce in aka samu rogon da zai daɗe a binne bai lalace ba, an samu rumbun da fara ba za ta iya buɗewa ba. Don haka ya buɗe gonar gwaji a bakin fadama bayan gari, ya raba ta biyu. Gefe guda irin namu ne, wanda muka gada, wanda yaro zai ɓare ya ci ɗanye yana tafiya, ko a dafa a barbaɗa masa ƙuli-ƙuli. Ɗaya gefen wani iri ne da aka kawo itacensa daga Kudu. Kowane wata mukan haƙa kunya ɗaya a kowane gefe, mu wanke, mu ɗora a sikeli, in rubuta. Na Kudun nan ya ninka namu girma, saiwa ɗaya sai ta kai damtsen ƙato.

In an gama awo, namu a raba wa leburori. Na Kudu kuwa a haƙa rami a zuba a rufe, a gaban idon Baturen. Ranar da muka fara haka ya kira ni cikin rumfarsa, ya yanki ɓallin rogon Kudun ya jefa a kwalba, ya rataya wata 'yar takarda rawaya a ciki, ya toshe. Muna zaune takardar ta soma rinewa, har ta koma ja kamar jar ƙasa. Ya ce dafi ne ya fito daga rogon. Ya ce shukar da ta yi babbar ajiya takan yi wa ajiyarta tsaro, kuma shekarar da ruwa ya yi ƙaranci dafin ya fi ƙarfi. Mutanen Kudu, in ji shi, sai sun ɓare shi sun jiƙa a ruwa sun shanya kafin su kai shi baki. Sannan ya dube ni ya ce, "Kada kowa ya ci wannan sai an jiƙa shi kwana uku. Ka ji, malam?" Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Na ji ɗin, amma ban yarda ba. Kuma sai na gaya muku dalili, don kada ku ɗauka hauka ce tsagwaronta. A ƙasarmu duk mai gonar rogo ko rake da tsoro yake tsare ta. Ya kafa sanda a tsakiyar gona ya rataya laya, ko ya kife tsohuwar tukunya ya zana mata toka, sannan ya saki magana a gari cewa duk wanda ya taɓa, cikinsa zai kumbura. Mahaifina ma haka yake yi, kuma a gabana ya ɗinka layar, ba komai a cikinta sai guntun tsumma. Ita kanta gonar gwajin, ni da hannuna na kafa mata sanda da ƙahon rago da baƙin ƙyalle a gefen na Kudu, Baturen bai sani ba, na kuma baza labari a kasuwa. To da na ga takarda ta canza launi a kwalba sai na ce a raina, ashe Bature ma ya iya irin tamu, tasa layar ta kwalba ce. Har na yaba masa wayo. Ga shi kuma kowa ya san rogo in ya kwana uku a waje ya soma baƙi ya lalace, to wane mai hankali ne zai jiƙa shi kwana uku? Na ce wannan zancen an shirya shi ne don ɓarawo ya ji ya haƙura.

Allah Ya nuna mini alama, ban gani ba. Birai da beguwa sun yi wa gefen namu kaca-kaca, suna tonewa suna ci, amma na Kudu ko kusa ba su je ba. Wata bayan wata ina ganin haka. Kun san abin da na ce? Na ce sandata ce take aiki.

Daminar shekarar ta yanke mana gero yana cikin fitar da kai, abin da ya tsira kuma fara ta zo ta share. Kafin bazara rumbuna sun zama fanko. Mutane suka koma cin tafasa da ganyen da ko akuya sai ta yi shawara, mata suna tone gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. A kara kuwa Baturen ya rasa abin aunawa, don tozon shanu duk ya zube, sai fata. Mu ma'aikata muna ɗan samun ci sau ɗaya a yini, shi ma da ƙyar.

Ina da yaya mace, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A bayanta na yi wayo, kuma har na yi gemu ba ta kirana da komai sai Auta. Tana aure a Fakku, wurin wani manomi mai 'yan shanu, da 'ya'yanta uku: babbar mace ce mai kamar shekara tara, sai namiji mai bin ta, sai ƙaramin da bai daɗe da yaye ba. Sau biyu na aika mata da ɗan geron da na iya tsamewa, har ya zamana ba ni da abin tsamewa, ga matata da tsohon ciki. Ana nan sai wani mai jaki da ya fito daga wajensu ya tsaya ƙofar gidana da saƙo. Ya ce mijinta ya kora sauran shanun ya yi kudu neman ciyawa, wata biyu ba labarinsa. Na ce me ta ce a kawo mata? Ya ce ba ta ce a kawo komai ba, ta dai ce a gaida Auta, a ce masa yara suna tambayar kawunsu. Na san yayata. Da a ce da sauran ko ludayin gari a gidan, da ba ta aiko da wannan gaisuwa ba.

Ranar haƙa ta zo Baturen yana rangadi wajen Jabo, ya bar mini aikin. Muka haƙa namu, da ƙyar ya cika kwando, leburori suka rabe shi nan take, wasu tun a tsaye suka soma ci. Muka haƙa na Kudu, ya yi tsibi. Na auna, na rubuta, leburori suka tona ramin binnewa. Na tsaya a bakin ramin nan ina duban rogo fari tas, ina tuna yaran yayata. Na ce yanzu ni ɗan Musulmi in tura abinci a rami in rufe da ƙasa, jinina yana kwana da yunwa, don kawai Bature yana tsoron ɓarayi? Wallahi a lokacin gani nake binnewar ita ce zunubi. Na sallami leburori na ce ni zan ƙarasa. Da suka tafi na zaɓi manya-manyan na cika mangala, na rufe da ciyawa, na tura sauran a ramin na mayar da ƙasa.

Kada in yi wa kaina ƙarya, na ɗanɗana. Na gatsi kaɗan, na ji ɗaci, harshena ya ɗan yi nauyi, na tofar. Na ce ɗaci kuma wani abu ne? Muna cin gauta, muna cin goro, muna miyar shuwaka. Wuta za ta fitar da shi. Na ari jaki na kama hanya a ranar, ina sauri don kada rogon ya yi baƙi. Na kwana a hanya, na sake kwana a Kebbe, na shiga Fakku da hantsi.

Abin da na fara lura da shi, ba ƙarar turmi ko ɗaya a garin. Na yi sallama a gidan yayata, ta fito, na kusa rashin gane ta. Yaran suna zaune a inuwar rumbu, gashin kansu ya yi ja, cikinsu ya fito. Da can in na zo da gudu suke tarye ni suna rige-rigen kama rigata. Ranar nan ƙaramin ɗaga kai kawai ya yi ya ce, "Kawu." Na sauke mangala na yaye ciyawar. Yayata ta duba, sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da gefen zane, tana sa mini albarka tana kuka. Ni kuwa ina tsaye ƙirjina ya cika, ina jin yau na biya goyon da ta yi mini.

Da ta share ido ta ɗauki saiwa ɗaya ta jujjuya ta. Ta kankare ɓawon da farce, ta kai hanci. Ta ce, "Auta, wanga rogo irin namu na?"

Nan ne wurin. Duk shekarun nan in na rufe ido nan nake komawa. Maganar Baturen tana bakina, ba mantawa na yi ba. Amma ta yaya zan ce wa yayata, a gidan aurenta, abin da na kawo mata na zubarwa ne, daga bakin rami na ɗauko shi? A wurinmu ba a kai wa mutum alheri a bi shi da faɗin aibinsa. Kuma ta yaya ni mai wayo zan maimaita zancen da na riga na yanke cewa na tsoratar da ɓarayi ne? Sai na yi murmushi na ce, "Irin Turawa na, Yaya. Ya fi namu."

Ta ce to madalla. Ta ware na maƙwabta gefe, ta ce in rana ta yi sanyi za ta aika musu, don kada a taru mata a gida yaran ba su ci ba. Ta hura wuta, ta soma ɓarewa tana yanka manya-manya tana jefawa a tukunya. Namijin mai bin babbar bai iya jira ba, ya tsuguna kusa da ita yana tsintar ɗanye yana ci, yadda kowane yaro yake yi in ana ɓare rogo. Yana yamutsa fuska yana haɗiyewa. Ta rufe tukunyar, ba ta bari ya daɗe ba saboda kukan ƙaramin, ta sauke. Na ciro ɗan ƙuli-ƙuli da gishirin da na zo da su, ta daka ta barbaɗa.

Babbar ta gatsa sau ɗaya ta ce, "Kawu, da ɗaci." Na ce ji ɗiyar sarki, wai da ɗaci, to bari in koma in kawo miki da zuma. Na yi ta zolayarta har ta ji kunya ta sunkuyar da kai. Daga baya muka gane ashe yi take kamar tana ci tana turawa ƙarƙashin tabarma, kuma abin da ya tsirar da ita ke nan. Namijin ya ci nasa ya ƙara. Ƙaramin ya kau da kai ya ƙi. Sai na ɗauke shi na ɗora a cinyata, ina dangwala a ƙuli-ƙuli, ina yi masa wasa ina cewa buɗe ƙofa sarki zai shiga, yana dariya yana buɗe baki. Da hannun nan nawa na dama na ba shi, loma bayan loma, har ya ƙoshi.

Yayata ba ta ci ba. Ta ce sai an jima, na kuma san nata take ajiye musu na gobe. Ni ma ta miƙo mini na ce na ci a Kebbe, alhali rabona da abinci tun jiya, amma wa zai kawo wa mai yunwa abinci ya zauna ya taya shi ci? Haka manya biyu muka kame bakinmu saboda ƙauna, muka bar yara da shi.

Bayan azahar ina kishingiɗe a gindin bishiya a ƙofar gida, raina fari, har ina shirya yadda wata rana zan gaya wa Baturen cewa layarsa ba ta ci. Sai ga namijin ya fito yana tangaɗi, ya dafa kai ya ce, "Kawu, ƙasa tana juyawa." Kafin in miƙe ya soma amai, ya faɗi. A daidai nan na ji muryar yayata daga cikin gida tana kirana, irin kiran da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ɗauki yaron na shiga. Ƙaramin yana hannunta, jikinsa ya saki, numfashinsa sama-sama, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa.

Maƙwabta suka cika gidan. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, aka jiƙa tsamiya, aka nemi madara a ba su, garin kaf ba saniyar da ke da ɗigon nono. Ɗakin shan magani mafi kusa da na sani yana Tambuwal, tafiyar kwana biyu. Wata tsohuwa ta tambayi abin da suka ci, aka nuna mata. Ta ɗauki ɓawon ta taɓa a harshe, ta tofar, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa a lokacin takardar nan ta cikin kwalba kawai nake gani tana rinewa, na san abin da ke faruwa, na kuma san ba abin da zan iya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan sa'a ba, ban taɓa tsanar wani mahaluki yadda na tsani kaina ba.

Ƙaramin ya cika kafin la'asar. Namijin ya kai har rana ta yi ja, yana riƙe da yatsan uwarsa, sannan shi ma ya bi ƙanensa. Ni na ɗauki ƙaramin zuwa makwancinsa, bai fi nauyin kaza biyu ba. Washegari da safe muka kai yayansa. Da muka dawo na kwashe sauran rogon, har da kason maƙwabta da Allah Ya sa ba a kai ba, na je bayan gida na haƙa rami na zuba na rufe. Na binne shi ƙarshe, kamar yadda aka ce in yi tun farko.

Masu zuwa gaisuwa suna cewa ajali ne, wasu suna raɗe-raɗin iska. Na yi shiru kwana biyu, ina karɓar gaisuwa tare da maza kamar ba ni ba. Ran na uku da safe na iske yayata ita kaɗai a gindin rumbu, inda yaran suke zama. Na durƙusa na gaya mata komai, kwalbar, takardar, ramin, da abin da Baturen ya faɗa da bakinsa. Na so ta zage ni. Na so ta ɗauki taɓarya ta sauke mini a ka, wallahi da na ji sauƙi. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni kwana nawa Baturen ya ce a jiƙa. Na ce uku. Sai ta juya ta dubi wajen rafin da ke bayan gari, wanda ko da bazara ba ya rasa ruwa a kwarinsa.

Ta ce, "Tun da rani nika jiƙa doyar daji cikin rafin can, Auta. Kwana fuɗu nika ba ta kafin in ba ɗiyana. Wata biyu muna jiran abinci, kwana ukku na ba mu iya jira?"

Na kasa ɗaga kai. Sai ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kai ba ka yarda ba. Ai da ka faɗa mani, ni in yarda."

Iyakar abin da ta ce a kan maganar ke nan. Ta tashi ta ce in koma gida, matata tana da nauyi, kada a bar ta ita kaɗai.

Na koma Tambuwal na iske Baturen ya dawo. Na shiga rumfarsa na faɗa masa ban rage komai ba, ina jiran ya kira 'yan doka. Ya cire hularsa ya zauna, fuskarsa ta yi fari fat. Sai ya ce shi ma da nasa laifin, ya faɗi magana mai nauyi ga mutum ɗaya a cikin rumfa, ya ɗauka ya gama. Bai kore ni ba, bai kai ni gaban alƙali ba. Ni da an ɗaure ni da na fi so.

Abin da ya yi shi ne ya sa aka tara matan unguwa a bakin fadama, aka haƙe sauran rogon Kudun gaba ɗaya. Ni ya sa na tsaya na yi bayani, kuma na fara da abin da ya faru a Fakku, don na san in ban faɗa ba za su ce laya ce kamar yadda na ce. Aka ɓare, aka jiƙa kwana uku, aka shanya, aka daka. Garin rogon nan ya riƙe gidaje da dama har sabon gero ya shigo. Rogon da ya kashe 'ya'yan yayata, shi ɗin dai, daga gona ɗaya, shi ya raya 'ya'yan wasu. Na kai wa yayata buhu guda na garin. Ta tuƙa, ta ci ita kaɗai, ta zauna tun safe har la'asar tana sauraron jikinta, sannan ta ba 'yar da ta rage mata. Mijinta ya dawo da farkon damina da shanu biyu. Har ya bar duniya gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, kuma ban ga laifinsa ba.

Baturen ya gama bincikensa ya koma ƙasarsu da littattafansa cike da awon tozo da na saiwa. Ni na ci gaba da aikin gona har na yi ritaya, kuma ba ƙauyen da na shiga tsakanin Tambuwal da Kebbe ban tara mata na yi musu zancen jiƙa rogo ba. Ana cewa na ceci rayuka. Wataƙila. Amma ban taɓa jin an rage mini ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. In aka ba ka gargaɗi a kan abin da zai shiga cikin wani, ba naka ba ne balle ka auna shi ka zubar. Ka kai shi yadda aka ba ka, ko kana ganin shirme ne, ko zai zubar maka da girma, ka bar mai abin ya yanke wa kansa. Yayata ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma daina kirana Auta ba. Amma duk ranar da na kai mata wani abu, ko goro ne, ko sukari, ko maganin ciwon ƙafa, sai ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ajiye a gefe ba ta buɗe ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Auta, akwai abin da anka ce a faɗa mani?"